Sa'o'i Ashirin da Huɗu na Farko: Tarihin Rigakafin Ciwon Hanta a Arewacin Zamfara

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratso ta Funtuwa da Gusau ya iso Kaura Namoda, kuma a nan ya yi birki bai ƙara gaba ba. Tun daga wannan shekara garin ya zama matattarar gyaɗa da audugar da ake kwasowa daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke kewaye, ana lodawa a taragu zuwa bakin teku. Amfanin gona ne Turawan mulki suka shimfiɗa wa hanya, shi ya sa sikeli ya riga asibiti isowa da shekaru masu yawa. Mutanen yankin kuwa sun daɗe da sanin cututtukansu da sunayensu da lokutan zuwansu: agana da ƙyanda, sanƙarau idan bazara ta tsananta, zazzaɓi idan damina ta kankama, sai kuma shawara, wadda ke mayar da idon mutum rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, a jiƙa masa saiwoyi da sassaƙe ya sha har ta lafa. Amma akwai wani ciwo da ba ya bin rani ko damina. Magidanci ne mai shekara talatin da wani abu ko arba'in, yana tsakiyar ƙarfinsa, sai a ga cikinsa ya fara kumbura, ƙafafu su biyo baya, jiki ya yi ta zubewa, kafin a ci amfanin gonar baɗi an kai shi makwanci. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce jifa ne, dangi su yi ta zargin juna. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa asalin wannan ajali yana iya komawa ga makon da aka haifi mamacin.

Amsar ta fito ne daga nesa, kuma sannu a hankali. A shekarar 1965 wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, wanda ke nazarin bambancin jinin al'ummomin duniya, ya ba da labarin wani baƙon sinadari da ya gani a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya, kuma cikin 'yan shekaru aka tabbatar cewa ɓawon ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon hanta nau'in B ne. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta a Landan, a 1976 kuma Blumberg ya karɓi lambar yabo ta Nobel. Sai dai binciken da ya fi shafar talakan Afirka a tsibirin Taiwan aka yi shi, inda Palmer Beasley da abokan aikinsa suka nuna cewa uwa tana ba jaririnta cutar a lokacin haihuwa, sannan a 1981 suka wallafa sakamakon bibiyar maza fiye da 22,000, wanda ya bayyana cewa mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba ya ɗauke da ita haɗarin kamuwa da dajin hanta ninki fiye da ɗari. Daga nan aka fahimci sirrin cutar, wato shekarun wanda ta kama su ne ke yanke hukunci. Idan ta shiga jikin babba, yawanci zai yi shawara ko ma kada ya ji komai, jikinsa ya kore ta, kuma waɗanda take zaunawa a jikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Idan kuwa ta shiga jikin jariri, tara cikin goma za su riƙe ta har iyakar rayuwarsu, tana cin hanta a ɓoye shekara ashirin ko talatin ba zazzaɓi ba ciwo, kamar yadda gara ke cin azara rufin ɗaki yana tsaye, har ranar da zai rufto.

A Afirka ta Yamma masu bincike sun lura cewa yara da yawa ba a wurin haihuwa suke ɗaukar cutar ba, a shekarun ƙuruciya ne, daga yaro zuwa yaro a cikin gida ɗaya, ta hanyar gyambo da ƙuraje da ƙananan raunukan da ba a kulawa da su, domin ƙwayar tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Duk wanda ya san rayuwar ƙasar Hausa zai ga sauran ƙofofin da kansa. Aska ɗaya ta wanzami tana yin askin suna da cire beli da tsaga da kaciya, reza ɗaya tana yanke cibi, allura ɗaya ta mai maganin kasuwa tana zaga hannaye. Ba laifin wanzamai ba ne, domin sun gaji sana'arsu tun kafin a san akwai abin da ido ba ya gani a bakin ƙarfe. Gyaɗar da ta gina Kaura Namoda ma tana da nata rabon a labarin: tun farkon shekarun 1960 aka gano cewa fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi tana fitar da wani dafi da ake kira aflatoksin, kuma daga baya aka tabbatar cewa idan dafin nan ya tarar da hantar da ƙwayar B ta riga ta zauna a ciki, haɗarin daji yana ninkuwa.

Rigakafin farko ya samu izini a Amurka a 1981, daga jinin masu ɗauke da cutar aka tace shi, kuma kuɗin allurai ukun ya kai kusan dala 100, abin da ya fi ƙarfin kasafin lafiyar kowace ƙasa a yankinmu. A 1986 aka fito da sabon nau'i wanda ake sarrafawa daga yis ba tare da jinin mutum ba, kuma shigowar kamfanonin Asiya ta karya farashin har ya sauko kusan dala ɗaya. Taiwan ta fara yi wa jarirai a watan Yuli na 1984, kuma a 1997 likitocinta suka ba da rahoton cewa dajin hanta ya ragu a tsakanin yara, karo na farko ke nan da aka ga allura ta hana ciwon daji a cikin al'umma. A nahiyarmu Gambiya ce ta buɗe hanya: daga 1986 zuwa 1990 aka gudanar da wani babban aiki da ya shafi jarirai fiye da 120,000, aka shigar da rigakafin gunduma bayan gunduma har ya game ƙasar, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ya kare mafi yawan yaran daga zama masu ɗauke da cutar. Ganin haka, a 1992 Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi kowace ƙasa ta sa shi cikin alluran yara kafin ƙarshen 1997.

Wannan kira ya tarar da Nijeriya cikin koma baya. Dattawan Zurmi da Shinkafi har yau suna ɗauke da lamba a damtse, shaidar yaƙin da aka yi da agana daga 1967, kuma sun ga da idonsu yadda cutar ta ɓace. Shirin rigakafin yara na ƙasa da aka fara a ƙarshen shekarun 1970 ya yi ƙarfi a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wanda ya ɗora tsarin lafiya a kan ƙananan asibitocin karkara, har alƙaluman hukuma suka nuna an kai kusan yara 80 cikin 100 a 1990. Bayan saukarsa kuɗi suka janye, taimakon waje ya ragu saboda rikicin siyasar mulkin soja, firij-firij suka lalace ba gyara, ma'aikata suka zauna ba allura. A 1995 an rubuta rigakafin ciwon hanta cikin manufofin ƙasa, amma a takarda ya tsaya. Shekara ta gaba, 1996, ta zo da abubuwa uku da suka shata abin da zai biyo baya. Annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, shari'a ta ja har zuwa sulhun 2009. Sannan ranar 1 ga Oktoba aka yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato, sabuwar jiha mai ƙananan hukumomi 14, mai ƙarancin likitoci da ungozomomin asibiti, wadda dole ta gina ma'aikatar lafiyarta daga tushe.

Sai a 2004 rigakafin ciwon hanta ya fara isowa asibitocin gwamnati a Nijeriya, shekara 12 bayan kiran Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da wuya a sami lokacin da ya fi wannan muni. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gurɓata ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa, wasu masu faɗa a ji suka mara mata baya, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Zamfara ta riga Kano komawa, Kano kuma ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an gwada maganin an kuma samo shi daga Indonesiya. Zargin bai tabbata ba, amma ya samu gindin zama ne domin ya faɗo a kan tabon Trovan da kuma wata tambaya da talaka ya daɗe yana yi, wadda ba a taɓa ba shi gamsasshiyar amsarta ba: me ya sa ake bin sa har ƙofar gida da ɗigo kyauta sau da yawa a shekara, alhali idan ɗansa ya kwanta da zazzaɓi asibitin garinsu ba ko ƙwaya? Illar ta wuce shan inna. Kalmar rigakafi kanta ta shiga zargi, kuma a shekarun da suka biyo baya ƙarfin gwamnati da na masu tallafi ya karkata ga zagayen gida-gida na shan inna, aka bar rigakafin yau da kullum, wanda shi ne kaɗai hanyar allurar hanta, yana jiran uwar da za ta saɓo goyo ta tako zuwa asibiti da ƙafarta.

Gyaran ya ɗauki shekaru. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, kuma da sarakuna suka fara ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu magani a gaban jama'a, hakimai da dagatai da masu unguwa suka bi sahu, ƙofofi da yawa suka buɗe. Daga 2012 kuma Nijeriya, da tallafin ƙawancen Gavi, ta fara shigo da allurar Penta kashi-kashi, wadda ta haɗa kariya biyar a tsira ɗaya: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanos, ƙwayar Hib mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, da ciwon hanta nau'in B. Ana yin ta a cinya sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14. Wannan ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma bai rufe ƙofar farko ba, domin jaririn da ya ɗauki ƙwayar daga mahaifiyarsa ranar haihuwa, kafin mako shida ya cika ta riga ta zauna. Saboda haka ne tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri allurar hanta ita kaɗai cikin sa'o'i 24 na farko, kafin Penta ta zo ta ƙarasa.

A nan ne tarihin ya ci karo da ɗakin haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti a faɗin Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan 16 ce kacal. Matar ƙauye a ƙasar Moriki ko Dauran ko Kware tana haihuwa ne a ɗakinta ko a ɗakin mahaifiyarta idan ta je goyon ciki, sau da yawa cikin dare, kuma mai haihuwar fari kunya kan hana ta ko ɗaga murya. Ungozoma ta zo ta yanke cibi, a ɗora ruwan wankan jego, a dama kunun kanwa, hankalin gida ya koma kan ragon suna. Ba a saba fitar da jinjiri kafin kwana bakwai ba, maijego kuma tana da kwana arba'in a gabanta, kuma ko za a fita sai da izinin maigida da kuɗin babur. Idan an yi sa'a an isa asibitin, akwai wani shinge a can: ƙananan asibitoci da yawa rana ɗaya suke warewa a mako don rigakafi, saboda kwalbar allurar tarin fuka da ake yi tare da ta hanta dole a zubar da ragowarta bayan sa'o'i shida da haɗawa, sai ma'aikaci ya ce a dawo ranar da yara suka taru. Ita kwalbar hanta ba haka take ba, ana iya ajiye ta har kwana 28 bayan buɗewa idan an kiyaye ƙa'ida, amma al'adar aiki ta ɗaure su wuri ɗaya. Ta haka rana ɗaya ke zama mako, mako ya zama wata, allurar da ta yi tafiyar dubban mil daga masana'anta ta kasa ƙarasa tafiyar yini ɗaya.

Sannan tsaro ya taɓarɓare. Tun daga wajen 2011 satar shanu da ramuwar gayya suka fara rikiɗewa zuwa hare-haren 'yan bindiga, kuma dazuzzukan da suka kewaye Zurmi da Shinkafi suka zama mafakarsu. Ƙauyuka sun tashi, ma'aikatan lafiya sun janye zuwa manyan garuruwa, asibitocin karkara da yawa sun kulle, katin rigakafin yara ya ƙone ko ya ɓace a gudun hijira. A ƙarshen 2016 sanƙarau nau'in C ya ɓulla, Zurmi na cikin wuraren da aka fara ganinsa, kuma kafin ya lafa a tsakiyar 2017 ya kama mutane fiye da 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, Zamfara ce ta fi kowace jiha asara. A daidai wannan lokaci wani binciken ƙasa ya nuna cewa yaro ɗaya cikin uku ne kawai ke samun Penta ta uku, a wasu jihohin Arewa maso Yamma kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba, abin da ya sa a watan Yulin 2017 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, a ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum. An ga ci gaba a alƙaluman ƙasa, inda Penta ta uku ta kai rabin yara a binciken 2018, amma Zamfara ta ci gaba da zama cikin na ƙarshe. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura domin a matse 'yan bindiga. Matakan tsaro ne, amma a kan babur ɗin nan ne akwatin sanyin allurai ke kaiwa ƙauye. A manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shafe shekaru tana tallafa wa sashen yara, kuma abin da ke cika gadajenta shi ne tamowa da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda, cututtukan da ke kashewa a cikin mako. Ciwon hanta ba ya cika gadon yara, saboda haka ba ya shiga rahoton gaggawa.

Wannan shirun shi ne babban haɗarinsa, kuma annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ta bazu a Arewa ta tona shi. Mafi yawan yaran da ta kama ba su kammala rigakafi ba, kuma allurar da ke kare mashaƙo ita ce dai mai kare hanta. Duk yaron da mashaƙo ya samu a buɗe, ciwon hanta ma a buɗe ya same shi; bambancin kawai shi ne ɗaya yana karɓar bashinsa a cikin kwanaki, ɗayan sai yaron ya girma ya yi aure ya tara iyali. Wani binciken ƙasa na daban a 2018 ya gano ƙwayar a jinin kusan 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 kuma ya ƙiyasta masu ɗauke da ita a duniya sun kai miliyan 254, ya ce jarirai 18 cikin 100 ne kawai ke samun allurar ranar haihuwa a yankin Afirka, alhali ƙasashen duniya sun ɗauki alkawari tun 2016 cewa za su kawar da barazanar cutar kafin 2030.

Ƙasashen da suka tsallake wannan shinge na allurar ranar haihuwa hanya biyu suka bi. Ƙasar Sin ta jawo haihuwa zuwa asibiti ta kuma mayar da allurar kyauta, yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar masu ɗauke da ƙwayar suka ragu daga kusan 10 cikin 100 a 1992 zuwa ƙasa da 1 cikin 100 a 2006. Indonesiya kuwa, inda mata da yawa ke haihuwa a gida, ita ta kai allurar ɗakin maijego: ta ba ungozomomin ƙauye sirinji mai cin mutum ɗaya wanda aka riga aka ɗura wa magani, suna riƙe da shi ba firij, domin rigakafin hanta yana jure zafi na ɗan lokaci, daskarewa ce ma ke lalata shi. A ganina hanya ta biyu ce ta dace da arewacin Zamfara a halin da ake ciki, domin ba za a mayar da haihuwa asibiti ba a wurin da hanyar asibitin kanta ba ta biyuwa da dare. Kuma an riga an gwada rabin aikin a maƙwabta: a Jihar Sakkwato an horar da wanzamai su riƙa sanar da haihuwa suna tura iyaye rigakafi, tunda ba gidan da ake suna ba su shiga ba. Sai dai wanzami ranar bakwai yake zuwa, ungozoma ce ke wurin a sa'ar farko, mai unguwa da liman kuma su ke jin labari kafin hantsi. Waɗannan su ne ya kamata gwamnatin jiha da masarautun Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su haɗa da ma'aikacin lafiyar kowace mazaɓa, a kuma raba allurar hanta da ranar taron rigakafi, a yi ta duk ranar da aka kawo jariri.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan maigida. Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati, kuma ba sai maijego ta fita ba, kaka ko gwaggo na iya kai jaririn. Mai ciki ta nemi gwajin hanta a wurin awo, domin idan an ga ƙwayar da yawa a jininta akwai maganin da ake ba ta tun kafin haihuwa don kare abin da ke cikinta. Wanda aka yi wa haihuwa da dare ya nemi allurar kafin wani daren ya zagayo. Wanda ranar farko ta kuɓuce masa ya kai jaririn cikin mako biyu, wanda wannan ma ya wuce shi kada ya bari Penta ta mako 6 da 10 da 14 ta wuce ɗansa.